Amsar Tambaya: Zan Iya Goge Ƙarcen Fentin Motata da Inji a Gida?

Malam, za ka iya, amma injin ba ya cike ƙarcen. Kankare saman fentin yake yi, kuma wannan saman bai kai kaurin takarda ba. Zane-zanen da kake gani in rana ta haska sun samo asali ne daga share ƙurar hanyar Sabon Birni zuwa Isa da busasshen tsumma, domin ƙurar hunturu yashi ce. Za ka ce inji ya fi sauri. Gaskiya ne, sai dai motocin Kwatano da yawa an sake musu fenti, kuma zafin inji yana ƙona gefen ƙofa nan take. Wanke motar, ka kai ta inuwa, ka gwada ƙaramin wuri. In farcenka ya maƙale a ƙarcen, kai wa mai fenti.