Dalilin da Ya Sa Rumbun Imel Ba Ya Raguwa Bayan Ka Goge Saƙonni

Da yawa daga cikinmu idan waya ko kwamfuta ta cika, sai mu shiga imel mu goge ɗaruruwan saƙonni, amma da mun duba sai mu ga wurin bai ƙaru ba. A wannan darasi za mu ga dalilin hakan da yadda ake gyara shi.

Da farko, saƙon da ka goge yana tafiya kwandon shara ne. A Gmail yana zama can har kwana 30 kafin ya ɓace da kansa, kuma duk tsawon lokacin ana lissafa shi cikin 15GB ɗin da Google ke ba ka kyauta. Don haka fara da zazzage kwandon.

Amma ko ka zazzage shi, fayil ɗin da ke kan na'urarka ba zai ragu nan take ba. Ka duba littafin bashi na mai shago: idan mutum ya biya, mai shago yana ja wa sunansa layi ne, ba ya yage shafin. Kaurin littafin yana nan yadda yake. Haka manhajar imel take yi. Thunderbird tana tara duk saƙonnin folda ɗaya cikin fayil guda, Outlook kuma tana ajiye nata a fayil ɗin PST ko OST. Idan ka goge saƙo, manhajar tana yi masa alama ce kawai cewa an goge shi. Sake rubuta fayil mai girman 5GB duk lokacin da ka goge saƙo ɗaya zai sa na'urar ta riƙa tafiyar hawainiya.

Manhajojin Android da yawa suna amfani da rumbun SQLite ne, shi ma haka yake: shafukan da aka goge suna shiga jerin guraben da ke jiran sabon bayani.

Maganin shi ne matse rumbun, wato kwafe abin da ya rage zuwa sabon littafi a jefar da tsohon. A Thunderbird, shiga File ka danna Compact Folders. A Outlook ta kwamfuta, shiga Account Settings, sai Data Files, ka zaɓi fayil ɗin, ka buɗe Settings, ka nemi Compact Now. Masu rubuta manhaja kuma umarnin VACUUM suke ba SQLite. Kafin ka fara, ka ajiye kwafin fayil ɗin, ka kuma tabbatar akwai sarari, domin VACUUM na iya buƙatar kusan ninki biyu na girman rumbun. Kada ka kashe na'urar ana tsakiyar aikin.

Akwai kuma batun sirri. Tunda saƙon yana nan har sai an rubuta wani a kansa, wanda ya san aikin zai iya tono shi. Idan za ka sayar da wayarka, goge saƙonni kaɗai bai isa ba. Ka fita daga asusunka, sannan ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani.