Taki Daga Iska: Dillalin Masana'anta da Dillalin Gona

Kowane manomi ya san alamar gonar da ta gaji. Ganyen masara ko na dawa ya kan yi rawaya tun daga ƙasa, kara ya tsumbure, amfani ya ragu. Sau da yawa dalilin haka shi ne ƙarancin wani abincin shuka da masana ke kira naitirojin. Abin mamaki, wannan abinci yana nan jibge bisa kanmu, gama in an kasa iskar da mu ke shaƙa kashi 100, kashi 78 naitirojin ne. Amma shuka ba ta iya cinsa haka nan, domin ƙwayoyinsa a ɗaure su ke biyu biyu, ɗauri mai tsanani. Sai an kwance su, an gama su da wata iska mai suna haidirojin sun zama amoniya, sa'an nan su amfani shuka.

Aikin dillali

A kasuwa, mai saye da mai sayarwa su kan wuni ba su daidaita ba, sai dillali ya shiga tsakani ciniki ya faɗa. Haka ya ke ga sinadarai. Akwai waɗanda aikinsu su gaggauta haɗuwar waɗansu, su kuwa ba su ƙarewa cikin aikin. Irin waɗannan za mu kira dillalai a darasin nan.

A shekarar 1909 wani masani Bajamushe, Fritz Haber, ya haɗa amoniya daga iskokin nan biyu, dillalinsa kuwa wani ƙarfe ne mai suna osmiyam, mai tsada da wuyar samu. Sabo da haka Alwin Mittasch ya yi dubban gwaje-gwaje har ya gane baƙin ƙarfe ma ya isa, in an gauraya shi da waɗansu sinadarai kaɗan. Carl Bosch ya ƙera tukwanen da za su jure aikin, aka buɗe masana'anta ta fari a Oppau a 1913. Ta wannan hanya a ke samun amoniyar da a ke yin takin yuriya. Sai dai aikin na bukatar zafi wajen digiri 450, da matsi fiye da na iskar sarari sau 100, watau makamashi mai yawa. Wannan na cikin dalilan tsadar buhun taki.

Dillalin da ke cikin ƙasa

Tun kafin Haber, a 1886, Hellriegel da Wilfarth sun nuna a Jamus cewa dangin wake na samun naitirojin daga iska ta 'yan gudajin da ke jikin saiwarsu. A 1888 Beijerinck, mutumin Holan, ya ware ƙwayar halittar da ke zaune cikin gudajin. Sunanta rizobiya, ido ba ya ganinta sai da madubi mai ƙara girman abu. A jikinta akwai dillali mai ɗauke da baƙin ƙarfe da wani ƙarfe, molibdinam, wanda ke yin aikin masana'antar nan ba wuta ba matsi. Shuka na ba ta sukari, ita kuwa ta biya da naitirojin. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan.

Ƙasar Barazil ta fi kowa cin moriyar wannan ilmi. Binciken Johanna Döbereiner da na Mariangela Hungria, wadda aka ba Lambar Abinci ta Duniya a 2025, ya sa manoman waken soya a can suna shafa wa iri ƙwayoyin nan maimakon zuba yuriya. A Nijeriya ma cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta haɗa irin wannan gari don waken soya, mai suna NoduMax.

Abin da manomi zai yi

1. In gyaɗa, ko wake, ko waken soya sun fara fure, haƙo gindi ɗaya a hankali, ka tsaga gudajin da farce. In cikinsu ja ne, suna aiki. In fari ne ko kore, ba su aiki.

2. Ƙwayoyin nan masu rai ne, zafin rana na kashe su. Ajiye garin wuri mai sanyi, ka gauraya da iri a inuwa, ka shuka a ranar.

3. Kowane amfanin gona da irin ƙwayarsa. Garin waken soya na waken soya ne.

4. Zuba takin sufa wajen shuka, gama gudajin ba su ƙulluwa sosai in ƙasa ta rasa shi. Yawan yuriya kuwa ya kan sa su yi lalaci.

5. Inda ka noma wake bana, sa masara ko dawa baɗi, ka kuma mai da takin dabbobin da suka ci harawar.

Kada a ɗauka ƙwayoyin nan sun kori takin zamani. Hatsi ba ya ƙulla gudaji, yana bukatar nasa taki. Amma wanda ya haɗa hanyoyin biyu zai rage kashe kuɗi, gonarsa kuma ta daɗe ba ta gaji ba. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na gundumarsa kafin saukar damina.