Wasiƙa Ga Ƙannena Masu Koyon Zane Mai Motsi

Ƙannena, maza da mata,

Na lura da yawanku kun kamu da son haɗa katun a waya da kwamfuta, ba makaranta ba malami, sai intanet da naci. Abin ya yi mini daɗi. Sai dai ina so in ja kunnenku tun kafin gajiya ta sa ku watsar.

Tambayar da kuka fi yi ita ce wace manhaja ta fi kyau, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani cikin tambayoyinku. Mai waya ya sauke FlipaClip ya soma da yatsa. Mai kwamfuta ga Pencil2D da Krita, kyauta ne. Ga kuma Blender, wadda aka sake wa duniya kyauta tun 2002, da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya wanda ya ci kyautar Oscar a 2025, ya doke fina-finan manyan kamfanonin Amurka. Ku zaɓi guda ku zauna a kanta. Wanda yake sauke sabuwar manhaja duk mako, data kawai yake ƙonawa.

Ga lissafin da ba a cika gaya muku ba. Fim yana gudu ne da hoto 24 a kowane sakan. Masu zanen hannu sukan bar zane guda ya tsaya a gurbi biyu, sai aikin ya dawo zane 12 a sakan. Ke nan minti ɗaya zane 720 ne, minti goma kuwa 7,200. To, kai da ka rubuta labarin yaƙi mai dawakai ɗari da sarakuna bakwai, ka ce shi za ka fara da shi, yaushe za ka gama? Ajiye shi, ba zai gudu ba. Ka yi abin sakan biyar, ka kai shi ƙarshe, ka nuna wa mutane.

Ku fara da ƙwallo mai faɗowa tana tsalle. Na san za ku raina ta, amma rabin sana'ar yana cikinta. Inda zanuka suka matsu kusa da juna, motsi yana tafiya a hankali. Inda suka yi nisa da juna, sai ya yi sauri. Shi ya sa ƙwallon take kamar ta dakata a can sama, sannan ta zubo da gudu, ta ɗan baje in ta bugi ƙasa, ta miƙe in ta tashi. Ku kunna abin nan da ke nuna inuwar zanen baya a ƙarƙashin sabo, don ku riƙa ganin tazarar da idonku. Wanda ya iya bambanta faɗuwar balan-balan da ta dutse ta hanyar tazara kaɗai, ya fi mai kyawun zanen da ke motsi a sandare. Frank Thomas da Ollie Johnston na kamfanin Disney sun tattara ƙa'idoji 12 na wannan aiki a littafinsu The Illusion of Life a 1981, kuma bayaninsu ya cika YouTube. Ku kalla, amma kada kallon ya cinye lokacin zanen.

Babbar makarantarku tana ƙofar gida. Ku tsaya ku dubi mai daka: kafin taɓarya ta sauka sai ta yi sama, jikin duka ya bi ta. Ɗan dambe ba ya kai naushi sai ya ja hannu baya. Dattijo in ya tsaya cak, babbar rigarsa ba ta tsayawa tare da shi, sai ta ɗan wuce ta dawo. Kan zakara yana tsayawa wuri guda, jiki ya tarar da shi, sannan ya sake zabura gaba. Ku ɗauki irin waɗannan a bidiyo, ku rage gudun, ku zana. Abin da ke damuna da yawancin katun ɗinmu shi ne mutanen ciki sunansu Audu da Talatu, amma tafiyarsu da zaro idonsu na katun ɗin Japan ne, don daga can aka kwafo.

Haka ma baki. Ku naɗi murya tukuna, sannan ku zana motsin leɓe a kanta, ba akasin haka ba. Jadawalin siffofin baki da za ku samu a intanet don Turanci aka yi shi, inda ake furta “f” da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Bahaushe da leɓɓa biyu yake fitar da ita. Ku ɗauki madubi ku ce “Fatima ta tafi”, ku zana abin da kuka gani.

Kada kuma ku zaci baƙon abu kuke yi. Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, makanike ne da ya koya wa kansa zane kafin ya haɗu da mai shirya fina-finai Jean Rouch a Yamai, daga baya ya je Kanada wajen gwanin zane mai motsi Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, fim ɗin kwaɗi na kimanin minti biyar, yana zolayar shagulgulan tafiye-tafiyen shugabanni. Layukan zanensa 'yan kaɗan ne, ba ado, amma har yau ana nuna shi a bukukuwan fina-finai. Ba kwamfuta a hannunsa, ba madannin komawa baya in an yi kuskure. Ku da kuke da Gizo da Ƙoƙi da Botorami a tatsuniya, ba ku da uzurin rashin labari.

Maganar kuɗi kuwa, kada ku sa ta a gaba. Tana iya zuwa, ta talla ko ta darussan yara, amma wanda ya shiga don ita yakan fita a wata na biyu. Rabin sa'a kullum bayan an gama karatu da aikin gida ya fi kwana guda cur ana zane har asuba. Ku riƙa adana aiki akai-akai saboda ɗaukewar wuta, ku ajiye kwafi a wani wuri daban, don waya tana faɗawa ruwa kuma ana sace ta. In kun gama ɗan guntu, ku nuna wa ƙaramin yaro ba tare da kun yi masa bayani ba, ku tambaye shi me ya faru a ciki. Inda ya kasa faɗa, nan za ku koma ku gyara.

A gaida mutanen gida.

Wassalam,
Naku, Yayanku.