Amsar Tambaya: Daga Ina Kalmar "Dozin" Ta Samo Asali?

Tambaya: Malam, kullum muna cewa dozin a kasuwa. Hausa ce ko aro? Kuma dole ne ta zama goma sha biyu?

Amsa: Malama, aro ce daga Turanci, dozen. Su ma Turawan Ingila a wurin Faransawa suka karɓo ta, tushenta kuwa Latin, duodecim, wato biyu da goma. Ma'anarta 12 cif.

Abin da ya sa 'yan kasuwa suka riƙe 12 shi ne sauƙin rabo. Tana rabuwa biyu, uku, huɗu da shida ba tare da ragowa ba, alhali ita goma, biyu da biyar kaɗai take yarda. Iyayenmu sun san wannan lissafi tun kafin zuwan naira a 1973: kwabo 12 ne sule, sisi rabinsa, taro kashi ɗaya cikin huɗu. Kiret ɗin ƙwai mai 30 kuwa dozin biyu da rabi ke nan.

Akwai kuma dozin ɗin mai burodi, wanda 13 ne. A Ingila ta da, doka na hukunta mai burodin da ya tauye awo, shi ya sa suke ƙara guda ɗaya don kauce wa tara.

Ki kula idan kina karanta labarai da Turanci. In aka ce two dozen, 24 ne, ba a sa s. In kuwa aka ce dozens of people, gomman mutane ake nufi, ba wanda ya ƙirga. Kada ki ninka da 12 ki ba da adadi.