Kafin ka sayo wa katafilarka kayan aiki

Ɗana, mahaifiyarka ta shaida mini cewa ka ajiye tuƙin babbar mota, ka tattara ɗan abin da Allah ya hore ka sayi ƙaramar katafila ta hannu, mai nauyin tan 3.5, za ka kama sana'ar tono a nan Greensboro. Allah ya sa albarka, ya sa ka shiga a sa'a. Ta kuma ce dillali ya miƙo maka doguwar takarda ta kayan da ake ɗaura mata a baki, har ka fara maganar cin bashi don ka kwashe su gaba ɗaya. Nan ne nake so ka dakata ka ba ni aron kunnenka.

Dillali ba maƙiyinka ba ne, amma shi kaya yake sayarwa, kai kuwa aiki za ka sayar. Kada takardarsa ta zaɓar maka. Ka bar ƙasar garin nan da ayyukan da ake kiran ka su zaɓa.

Ƙasar nan ba ta Maraɗi ba ce. Can rairayi ne, kana sa fartanya yana buɗewa. Nan yankin Piedmont ne, jan yumɓu ne, kuma ruwan da ke sauka a shekara ya haura inci 40, ninkin abin da muke samu a gida. Idan yumɓun nan ya jiƙe sai ya manne a cikin bokiti ya ƙi fita, idan ya bushe da zafin watan Agusta kuma sai ka rantse bulo kake sara. Saboda haka ƙaramin bokitin nan mai inci 12, wanda sabon shiga ke ɗoki saboda yana yanka siririn rami mai kyan gani, shi ne zai fi ba ka haushi da damshi: ka ɗebo, ka juye, ƙasa ta ƙi zuba, ka yi ta girgiza hannun inji ko ka sauko da shebur kana ƙwaƙula. Na inci 18 ya fi sakin ƙasa, kuma ya wadatar ga yawancin ramukan bututu da magudanar ruwa. Na inci 24 shi ne na yau da kullum, da shi za ka haƙa harsashin gini, da shi za ka tumɓuke kututture. In guda ɗaya tak za ka ɗauka a cikinsu, ɗauki na 24, mai haƙoran da ake cirewa a sake. Haƙori ya dakushe, inji ya yi ta shan mai yana gurnani ba ya cin ƙasa.

Sai faffaɗan bokiti marar haƙora, mai inci 36 ko sama kaɗan, na share ƙasa da daidaita ta. Matasa suna raina shi don ba ya tono. Amma mai gida ba ya leƙa cikin ramin da ka binne, farfajiyarsa yake kallo bayan ka tafi. In ka bar masa ita sumul, ruwa na gangarewa nesa da bango, shi zai ba maƙwabcinsa lambarka. A garin da ruwa ke kwanciya a bayan gidaje kamar nan, wannan bokitin zai biya kuɗinsa tun kafin sauran.

Abu na uku da zan ce ka saya ba tare da dogon tunani ba shi ne babban yatsan nan da ke haɗuwa da bokiti ya damƙi kaya, kuma ka nemi mai aiki da man haidirolik, wanda kake buɗewa ka rufe daga kujera. Wanda yake garin nan ranar 15 ga Afrilu, 2018, da guguwa ta ratsa gabashin Greensboro ta kayar da itatuwa a kan gidaje, ya ga amfaninsa. Kuma ba sai an yi guguwa ba. Gari ne mai itatuwa, kullum akwai gungume, akwai fasasshen kankare, akwai tsohon shinge da za a ɗora a mota. Ba yatsa, sai ka yi ta turo kaya da bokiti yana zamewa.

Daga nan ka rufe aljihunka. Gudumar fasa kankare da barimar huda ramin turaku, ka karɓo su haya duk ranar da aikinsu ya taso, ka sa kuɗin hayar a cikin farashin da ka yanka wa mai aiki. Guduma tana da tsada, tana son giris a kai a kai, tana jijjiga inji tun daga fil har hannu, kuma idan ka bar ta tana dukan wuri ɗaya ba ƙaƙƙautawa, ko tana duka bakinta bai danne komai ba, kai da kanka kake kashe ta. Ka riƙa rubuta duk hayar da ka yi. Ranar da ka duba littafinka ka ga kuɗin hayar shekara ya doshi kuɗin saye, to lokacin ya yi. Injin yankan daji kuwa, mai niƙa sarƙaƙiya, yawancinsu suna son mai fiye da abin da katafila irin taka ke iya turawa, ka manta da shi tukuna.

Maganar mai ɗin nan ita ce wadda ba a gani da ido, ita ce kuma ke cinye kuɗin mutane. Kowace katafila tana da adadin man haidirolik da take turawa baki a minti ɗaya, da ƙarfin matsinsa. Masu girman taka galibi suna wajen galan 15 zuwa 17. Kowane kayan aiki ma yana da nasa adadin da yake so, a rubuce. In na kayan ya fi, zai yi ta jan jiki mai yana zafi. In na injin ya fi, sai robobi su fashe. Sannan guduma hanya ɗaya mai ke bi mata ya koma tanki kai tsaye, barima da yatsa kuwa suna son ya je ya dawo ta hanya biyu, akwai kuma bawul da ake juyawa don haka. Ka buɗe littafin injinka ka gano inda yake tun kafin ranar aiki, ba a gaban mai gida ba.

Haka nauyi. Duk ƙarfen da ka rataya a bakin hannu, daga abin da injin zai iya ɗagawa ake cire shi. Jaki ne, in ka ɗora masa akumari mai nauyi sai ka rage mangala. Mahaɗin nan na sauya bokiti da sauri yana da daɗi, ina ma ba ka shawarar sa, amma shi ma nauyi ne, ga yatsa, ga bokiti cike da jiƙaƙƙen yumɓu. Miƙa hannu gefe da duk wannan a kan gangare, sai ka ji ƙafa ɗaya ta ɗaga. Kuma nauyin yana bin ka har kan titi: idan awon da aka rubuta wa motarka da tirela a haɗe ya kai laba 26,001, tirelar kuma ta wuce 10,000, ana bukatar babban lasisi. Kai kana da shi, amma yaron da za ka ɗauka aiki fa?

Kayan hannu ba laifi ba ne, bokiti ƙarfe ne, in bai tsage ba zai yi shekaru. Sai dai kada ka saya a hoto. Bobcat tana da nata tsarin ɗauri da ake kira X-Change, Kubota da nata, sauran ma haka, ba kowane ke shiga na wani ba. Ka tafi da abin awo, ka auna kaurin fil, da tazarar da ke tsakanin fil biyu, da faɗin tsakanin kunnuwan bokiti. Ka duba ramukan fil ko sun zama ƙwai, ka duba walda a gindin kunne. Araha ba ta ado, ɗana. Na ga wani ɗan'uwanmu ya sayo guduma a gwanjo da murna, ta shekara a bayan gidansa ciyawa na rufe ta, don ta injin da ya ninka nasa ce.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan, ba a kuma sayen sa. Kafin haƙori ya taɓa ƙasa, ka kira 811. Kyauta ne, doka ce kuma a jihar nan, ka ba su cikakkun ranakun aiki 3 su zo su shata inda aka binne bututu da wayoyi, kowanne da launinsa. Ja wutar lantarki ce, rawaya gas, ruwan lemo wayoyin sadarwa, shuɗi ruwan sha, kore magudanar ƙazanta. Tazarar inci 24 kowane gefe na abin da aka shata, ka ajiye bokiti mai haƙora ka ɗauki shebur. Ka kuma sani ba sa shata abin da mai gida ya binne da kansa, kamar bututun ban ruwan ciyawa ko wayar da ya ja zuwa rumfa, wannan sai ka tambaye shi, ka sake tambaya. Rami kuma da zarar ya kai ƙafa 5, kada ka bar kowa ya shiga sai an tokare bangonsa ko an kwantar da shi, ƙasar da ka fitar ka ja ta baya aƙalla ƙafa 2 daga baki. Jan yumɓu yana tsayawa cak kamar ba zai motsa ba, shi ya sa yake yaudarar mutane, kuma kai za a tambaya, a nan da gobe ƙiyama.

Ka fara da bokiti biyu, na 18 da na 24, da faffaɗan nan, da yatsa. Takardar dillalin kuma kada ka sa mata hannu, ka taho da ita tare da littafin injin bayan sallar Juma'a mu duba tare. Ka gaida mai ɗakinka da yara.