Shin Keken Tsada Ne Ke Sa Gudu?

Da yawanmu da keke muke zuwa makaranta, kuma kullum ana musu a wurin ajiye kekuna: wani ya ce da zai samu keken tsere mai siraran tayoyi, da ba wanda zai kama shi. Kafin wani ya je ya takura wa mahaifinsa, mu duba abin da darasin Fiziks ya ce.

Abubuwa uku ne ke ja da mai keke baya: iskar da yake ratsawa, gogayyar taya da ƙasa, sai nauyi idan ana hawa tudu. A cikinsu iska ce ta fi ban mamaki. Idan ka ninka gudunka sau biyu, turin da iska ke yi maka zai ninku sau huɗu, ƙarfin da za ka kashe don cin nasara a kanta kuma sau takwas. Shi ya sa mai tafiya a hankali ba ya jin ta sosai, amma wanda ya kai kilomita 30 a awa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, yawancin ƙarfinsa a yaƙi da iska yake ƙarewa. Duk wanda ya taɓa tunkarar iskar hunturu da safe ya san wannan a cinyoyinsa.

To me iskar ke bugu? Jikin mahayi ne ke ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu na turin, keken kuwa ragowar. Wato wanda ya miƙe zaune, rigarsa ta cika da iska kamar buhu, ko keken miliyan nawa ya hau, ya riga ya yi asara.

Tarihi ya nuna haka. A gasar Tour de France ta 1989, Greg LeMond ɗan Amurka ya shiga ranar ƙarshe Laurent Fignon ɗan Faransa na gabansa da daƙiƙa 50. LeMond ya sa hular kwano mai tsini, ya ɗora wa kekensa wani ƙarfe da ya ba shi damar haɗe hannuwa gaba ya sunkuya. Fignon ya hau kai ba hula. LeMond ya lashe gasar ta mako uku da ratar daƙiƙa 8 kacal. A 1993 kuma Graeme Obree ɗan Sikotilan ya haɗa keke da hannunsa, har da boris ɗin injin wanki a ciki, ya naɗe hannuwansa a ƙarƙashin ƙirji, ya yi kilomita 51.596 cikin awa ɗaya, ya kafa sabon tarihin duniya. Yadda ya zauna ne sirrin.

Batun nauyi fa? Mu yi lissafi. Ɗalibi mai kilo 55 a kan keke mai kilo 15, jimla kilo 70. Idan ya sayi wanda ya fi sauƙi da kilo 3, abin da ya rage bai kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma sai a tudu ko wajen tashi zai ji bambancin.

Ba mu ce keken tsada banza ba ne. Ga ƙwararren da daƙiƙa ɗaya ke raba shi da kambu, kowane ɗan ƙari na da daraja. Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma mu ba ado muke nema ba, isa kafin a rufe ƙofa muke nema. Ga abin da zai amfane mu:

1. Mu ba tayoyi isasshiyar iska. Taya mai laushi na cinye ƙarfi.
2. Mu wanke sarƙa mu ɗiga mata mai.
3. Mu daidaita sirdi yadda gwiwa za ta kusa miƙewa idan feda ta kai ƙasa.
4. Mu ɗan sunkuya idan iska ta taso, mu tattare riga, amma ido na kan hanya, yatsu na kan birki.

Mu gwada a wannan makon: kowa ya auna mintocin da yake yi daga gida zuwa makaranta, kafin gyaran nan da bayansa, ya kawo wa ƙungiyar 'yan jarida sakamakon. Za mu liƙa shi a fitowa ta gaba, in sha Allahu.