Gudun Fanfalaki Gayya Ne

1. Mene ne gudun fanfalaki?

Gudu iri-iri ne. Akwai gudun tsoro, akwai gudun wasa, akwai kuma tsere. A cikin tsere akwai gajere, akwai dogo. Dogon tseren da ya fi suna a duniya shi ne gudun fanfalaki. Wasu suna ce masa gudun yada-ƙanin-wani. Da Faransanci sunansa *marathon*.

Tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Hanyar gudu da ta kewaye filin ƙwallo a babban filin wasa mita 400 ce. Wanda zai cika wannan tsawo a kanta sai ya kewaya sau 105 da kusan rabi. Mai tafiya da ƙafa kuwa, in ya tashi bayan sallar asuba bai tsaya ko'ina ba, sai bayan azahar zai isa.

Amma ba a cikin filin wasa ake yin wannan tsere ba. A kan titunan birni ake yin sa, tsakanin gidaje da kasuwanni da makarantu. Don haka ba aikin masu gudu ba ne su kaɗai. Aikin gari ne baki ɗaya.

2. Asalinsa

Maraton sunan wani gari ne a ƙasar Girka. A shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen birnin Atina suka yi yaƙi da Farisawa a can, suka ci nasara. Ana ba da labari cewa wani manzo ya tashi da gudu daga Maraton zuwa Atina, tafiyar kusan kilomita 40, don ya kai albishir. Yana faɗin saƙon sai ya faɗi ya mutu.

A 1896 aka yi wasannin Olimfik na zamani na farko a Atina. Wani malami Bafaranshe mai suna Michel Bréal ya ba da shawara a yi tsere don tunawa da manzon nan. Wani Bagirke, Spyridon Louis, shi ya zo na ɗaya. Tsawon kilomita 42 da mita 195 kuwa ya samo asali ne daga tseren Landan na 1908, kuma a 1921 aka tsayar da shi ya zama doka.

Afirka ta yi suna ƙwarai a wannan tsere. A 1960, a birnin Rum na Italiya, Abebe Bikila na Habasha ya zo na ɗaya ba takalmi a ƙafarsa. A 2023, Kelvin Kiptum na Kenya ya gama tseren birnin Shikago na Amurka cikin awa 2 da sakan 35. Mata ma suna yi. An fara tserensu a wasannin Olimfik a 1984.

3. Tseren Legas

A Afirka ta Yamma, babban tseren birni shi ne na Legas, wadda ake kira Ikko. Hausawa da yawa suna zaune a can, a unguwanni kamar Agege da Idi-Araba da Obalende. An fara wannan tsere ranar 6 ga Fabrairu, 2016. Gwamnatin jiha ce ta shirya shi, bankin Access ya ba da gudunmawar kuɗi. Wani ɗan Kenya ne ya zo na ɗaya a cikin maza, wata ƴar Habasha a cikin mata.

A shekarun farko, masu gudu suna tashi ne daga babban filin wasa na Surulere. Suna hawa doguwar gadar nan ta uku da ta ratsa kan ruwa, mai tsawon kusan kilomita 12. Daga nan su bi ta Ikoyi da Lekki, su ƙare a Eko Atlantic, bakin teku. A Arewa ma, a watan Nuwamba na 2020, an yi tseren rabin fanfalaki a Kaduna, wato kilomita 21.

Gwanaye kaɗan ne suke neman kyautar kuɗi. Sauran dubban mutane ba su sa ran zuwa na ɗaya ba. Akwai ɗalibai da direbobi da ƴan kasuwa da ma'aikata. Burinsu ɗaya ne: su kai ƙarshe da ƙafafunsu.

4. Abin da mai gudu yake ji

*Kafin a tashi.* Mai gudu ba ya wayar gari ya shiga tsere. Yakan yi watanni yana koyon gudu, yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Ran tsere yakan tashi tun duhu, ya ci abinci mara nauyi, ya maƙala lambarsa a gaban riga. Ana tashi da sassafe ne don a ci nisa kafin rana ta yi zafi. A wurin tashi mutane cunkus, kafaɗa da kafaɗa. Zuciya tana bugawa, ciki yana ƙugi.

*Kilomita 10 na farko.* Jiki sakayau, ƙafa ba nauyi. A nan ne haɗarin yake. Wanda ya biye wa ɗoki ya zura da ƙarfi, zai biya bashin a gaba. Mai hankali yakan bar masu gaggawa su wuce. Ya san sannu ba ta hana zuwa.

*A kan gada.* Babu gidaje, babu inuwa, ƴan kallo kaɗan ne. Ruwa a dama, ruwa a hagu. Mai gudu ba ya jin kome sai ƙarar takalma da numfashin na kusa da shi. Masu gudu da yawa sukan nemi wanda saurinsu ya zo ɗaya, su jera tare ko ba su san juna ba.

*Tsakiyar hanya.* Rana ta fito. Gumi ya jiƙa riga sharkaf. Gumi shi ne yake sanyaya jiki, amma yana fita da ruwa da gishiri. A gari mai laima irin Legas, gumi ba ya bushewa da wuri, saboda haka jiki yakan yi zafi da sauri. Wanda bai sha ruwa ba yana iya jin jiri, ko ya suma. Wanda ya ɗirka da yawa lokaci ɗaya shi ma zai wahala. Kurɓa ake yi kaɗan-kaɗan.

*Wajen kilomita 30.* Jiki yana ajiye wani irin sukari a cikin tsoka da hanta. Shi ne makamashin gudu. A daidai wannan wuri yakan kusa ƙarewa. Sai ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Tsokar ƙwauri takan ɗaure. Zuciya ta riƙa cewa a tsaya haka nan. Masu gudu suna kiran wannan wuri bango, don ji ake kamar an yi karo da katanga. Ga shi kuwa saura kilomita 12.

*Ƙarshe.* Wanda ya haye bango yakan daina tunanin nisa. Yakan ce a ransa bari ya kai sandar fitilar can, in ya kai ya zaɓi ta gaba. Da haka har ya jiyo kiɗa da sowa. In ya taka layin ƙarshe sai a rataya masa lambar yabo. Wani ya yi dariya, wani ya yi kuka, wani ya zauna a ƙasa ya kasa magana.

5. Waɗanda ba su yi gudu ba

Me ya kai wannan mutum ƙarshe? Ƙafarsa da haƙurinsa. Amma ba su kaɗai ba.

Tun dare ma'aikata suke auna hanya, suna kafa alamomi. Ƴan sanda da masu kula da zirga-zirga sukan rufe tituna, don mota ɗaya in ta kutsa cikin masu gudu tana iya kashe rai.

A kowane kilomita 5 akan ajiye teburan ruwa. Masu tsayawa a wurin ƴan sa kai ne, yawancinsu samari da ƴan mata. Sukan yi awoyi a tsaye cikin rana, hannu a miƙe. Mai gudu yakan karɓi ruwa ya wuce, ko fuskar mai ba shi bai gani ba.

Akwai likitoci da motocin asibiti a bakin hanya. In wani ya faɗi, su ne suke kai shi inuwa, su sanyaya masa jiki, su duba numfashinsa. Mintoci kaɗan suna iya raba rai da mutuwa. A irin wannan tsere akan sa mota a can baya don kwasar waɗanda suka gaza. Shiga wannan mota ba abin kunya ba ne. Rai ya fi lambar yabo.

Akwai ƴan kallo. Ba su san sunan mai gudu ba, sai su kira lambar rigarsa, su tafa masa. A wajen bango, kalma ɗaya ta ƙarfafawa takan tayar da wanda ya riga ya fid da rai.

Akwai kuma waɗanda ba a gani. Direban da aka rufe wa hanya ya rasa cinikin safe. Mai kai kaya kasuwa ya yi dogon zagaye. Mai shara ya bi bayan kowa yana tsince robobi. Su ma sun ba da nasu. Don haka ya wajaba masu shirya tsere su sanar da jama'a tun da wuri, su bar wa marasa lafiya hanya, su kuma buɗe tituna a kan lokaci.

6. Gayyar birni

A ƙasar Hausa, in aikin gona ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai a kira gayya. Wasu su yi noma, wasu su kawo fura da ruwa, makaɗi ya yi kiɗa. Mai kawo ruwa bai riƙe fartanya ba, amma ba don shi ba da gonar ba ta nomu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba Hausawa kaɗai suka san gayya ba. A Sudan, inda jikokin mahajjata Hausawa da yawa suke zaune, ana ce mata *nafir*. A 2020 kogin Nilu ya yi ambaliya, ya shiga Kalakla, wata babbar unguwa a kudancin Khartum. Mutanen unguwar suka fito suna cika buhuna da ƙasa, suna tare ruwa. Ba wanda ya biya su.

Gudun fanfalaki gayya ce irin wannan, sai dai ta ranar farin ciki ce. Kuma ba dole ba ne a fara ta da girma. A 1970, mutum 127 suka tashi a tseren farko na birnin Niyok a Amurka, 55 suka gama. A 2024, waɗanda suka gama sun haura 55,000. Abin da ya raya tseren shi ne mutanen birnin sun ɗauke shi nasu.

Wannan nisa bai dace da yara ba, don jikinsu bai gama ƙwari ba. A yawancin birane sai mai shekara 18 ake bari ya shiga. Amma yaro yana iya yin gajeren tsere a makaranta. Yana iya miƙa ruwa, ya tafa wa na baya, ya tsince shara. Wanda ya yi haka ya shiga gayya.

Sababbin kalmomi

tsere : *la course*
gudun fanfalaki : *le marathon*
gada : *le pont*
gumi : *la sueur*
ƙishirwa : *la soif*
tsoka : *le muscle*
ɗan sa kai : *le bénévole*
lambar yabo : *la médaille*
gayya : *le travail collectif*
ambaliya : *l'inondation*

Tambayoyi

1. Nawa ne tsawon gudun fanfalaki?
2. A wace shekara aka fara tseren Legas?
3. Me ya sa ake tashi da sassafe?
4. Mene ne bango? Me yake kawo shi?
5. Ku faɗi mutane iri huɗu da suke taimakon masu gudu.
6. Wace asara wasu mutanen gari suke yi ran tsere?
7. Ta ina gudun fanfalaki ya yi kama da gayya?

Lissafi

1. Mai gudu yana cin kilomita 10 a awa ɗaya. Kilomita nawa zai ci a awa 4? Nawa ya rage masa ya gama?
2. An ajiye teburin ruwa a kowane kilomita 5. Tebur nawa ke nan daga kilomita 5 zuwa kilomita 40?
3. A tseren 1970, mutum nawa ne ba su gama ba?

Aiki

Ku shirya tseren kilomita ɗaya a makarantarku. Ku raba aiki: masu auna hanya, masu ruwa, masu tsaron hanya, masu rubuta sunaye, masu shara. Bayan an gama, kowa ya rubuta layi biyar a kan aikin da ya yi da wanda ya taimake shi.